Amsar murya: da safe ko da yamma za a kai yara iyo?

Salamu alaikum jama'a. To ƙanena, na ji tambayarka, wai da safe ya fi a shiga ruwa ko da yamma. Ai na gane inda ka dosa, yaran nan ne aka ba su hutu suka hana ka sakat, kana neman lokacin da za ka kai su ba tare da sun dawo maka da mura ba. To saurara.

Wanda ya ce maka ƙarfe shida na safe, ka duba da kyau, a Abuja yake zaune. Can a watan Maris ko Afrilu tun hantsi gumi ke karyo wa mutum, in ya faɗa ruwa da sassafe daɗi zai ji. Mu kuwa Jos kan tudu muke, wajen mita 1,200 sama da teku. Ruwa ya kwana a fili yana shan sanyin dare, balle a Disamba da Janairu da hunturu ke kaɗawa, sai ka ɗauki yaro ɗan shekara bakwai ka tsoma shi? Haba! Haƙoransa za su dinga karo da juna, yana rawar ɗari, ko minti goma ba zai yi ba. Shi ruwa a hankali yake ɗaukar zafin rana, sai can bayan azahar yake yin ɗumi sosai. Saboda haka ku yi la'asar ku shiga, zuwa biyar da rabi kowa ya fito, a goge jiki, a sa rigar sanyi. Kada magariba ta same su a jiƙe, iskar Jos ba ta da wasa.

Tsaya, wannan na rani nake faɗa maka. Da damina lissafin ya juya, don hadarinmu yawanci daga azahar zuwa yamma yake haɗuwa. Nan sai ku je da hantsi, tara zuwa sha ɗaya. Kuma da kun ji tsawa ko daga nesa ne, kowa ya fito, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Tsakar rana kam ban yarda da ita ba. Iska na da sanyi sai ka ɗauka ranar ba ta cizo, alhali a kan tudu ta fi ƙarfi, sai dare yaro ya fara kukan bayansa na zafi.

Amma duk wannan maganar wurin iyo na gini nake yi fa, mai magani a ruwa, mai ma'aikacin ceto a zaune a baki. Kududdufan kuza ban sa su a lissafi ba, ba safe ba yamma. Turawa suka haƙa tun zamanin mulkin mallaka, suka kwashe kuza suka bar mana ramuka, Rayfield, Bukuru, har Barikin Ladi. Ramin ma'adinai ba kamar rafi ba ne da za ka taka a hankali, taku biyu kawai ƙasa ta ɓace maka. Sama ɗumi, ƙasa sanyi ƙarara, nan take ƙafa ta riƙe, ga laka. Akwai ɗaya a bayan unguwarmu, shekara nawa ina roƙon a haɗa kuɗi a zagaye shi da waya, aka ce na cika tsoro. Sai da aka yi rashin yaro, Allah Ya jiƙansa, sannan kowa ya zo yana salati. Har yau ba a sa wayar ba! Har yau, in rana ta take, za ka ga silifas ɗin yara jere a bakinsa. Ga kuma tsargiya, ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa, kuma tsakar rana ta fi fitowa, daidai lokacin da yaran ke tsunduma. Yaro ya fara fitsarin jini a ce wai balaga ce, ina!

Ina ma na tsaya... yauwa, la'asar. Ranar Asabar da Lahadi wuri na cika maƙil, in kana da hali ka kai su tsakiyar mako. Kafin ka biya kuɗin ƙofa ka tambaya ko mai ceto na nan, ka gan shi da idonka. Kai ma ka ajiye wayar nan a aljihu, idonka na kan ƙaramin. Ka gaida min mai ɗakinka.