Ina maganin da muke fesa wa ciyawar golf yake tafiya?

Habu, ka tambaye ni ko maganin da muke fesawa a dandalin ramin ƙwallo, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin, yana iya nutsewa har ya kai rijiyoyin mutane. Ƙwarai kuwa, kuma duk filin nan babu inda ya fi saurin nutsewa kamar nan ɗin.

Ginin wurin ne ya jawo haka. A tsarin da Amurkawa suka fitar tun 1960, yashi ake zubawa kimanin santimita 30, ƙarƙashinsa tsakuwa santimita 10, sai bututun janye ruwa. An yi haka ne don kada ruwa ya kwanta ya hana wasa. To yashi rariya ne, ruwa ya wuce, abin da ya narke a cikinsa ya bi shi. Ka kuma san rijiyoyin Zariya da damina, gajeriyar igiya ma tana kai guga ga ruwa.

Saboda haka kafin ka goya famfon feshi, ɗaga kai ka dubi gabas. In hadari ya haɗo, ajiye shi, ko da kuwa shugabannin kulob suna ta matsa maka. Ruwan Zariya ya kai milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ce ta fi kowane wata. Wanda ya yi feshi da hantsi aka tafka ruwa da la'asar, kuɗin magani ya tafi, ƙwari na nan daram, guba kuma ta yi ƙasa. Da rani ma kada ka saki tiyo bayan feshi. In takardar maganin ta ce a ba da ruwa, yayyafi take nufi, daidai abin da zai jiƙa saman saiwa.

Magungunan ma hali daban-daban gare su. Wani yana manne wa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, wani yana bin ruwa, irin su maganin kashe ciyawa na 2,4-D. Atrazine, maganin kashe ciyawa da manoman masara suke saya kuwa, kada in gan shi a ɗakin ajiyarmu. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2004 saboda yadda ake samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kuma, ko kyauta aka ba ka, mayar.

Ni abin da na fi so ka iya shi ne rage feshin kansa. Ka kaɗa ruwan sabulu ka zuba a inda ciyawa ta yi ja, ka jira kaɗan, in akwai tsutsa za ta fito. Nan kaɗai za ka fesa. Aya-aya kuma a ɗan wuri irin wannan, wuƙa da haƙuri sun ishe ta. Kirikirin da ta samu takin gargajiya ruɓaɓɓe, ba a aske ta ƙwal ba, saiwarta tana kauri, ita take tare magani har ƙwayoyin halittar ƙasa su cinye shi. Ranar da muka huda dandali don iska ta shiga, ba feshi sai ramukan sun cike.

Ka kula da wurin haɗa magani, don can ne ake zubar da shi tsurarsa. A kan siminti za ka haɗa, nesa da rijiya da bakin kwata. Ka ɗauraye kwalba sau uku, ruwan ɗaurayen ya koma cikin famfo, sannan ka fasa gindinta kada wani yaro ya tsinta ya zuba ruwan sha.

Gobe da safe ka bi bututun dandali ka gano mini inda yake zubarwa. In kai tsaye yake faɗawa lambatun da ke gangarawa kogin Kubanni, za mu karkata shi cikin ciyawa mai tsawo. Ka zo da diga da shebur.