Kwamfuta kaɗai ba ta gyara ofis

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa malaminku yake ta nanata wai sabuwar manhaja kaɗai ba ta gyara ofis. To ai ka'idar sosiyo-teknikal kenan, wato a tsara mutane da na'ura tare. Asalinta ma daga ramin haƙar kwal ne a Ingila. Masu bincike biyu, Eric Trist da Ken Bamforth (shi Bamforth tsohon mahaƙi ne), suka rubuta a 1951 cewa da aka kawo sabbin injina aka wargaza ƙananan rukunonin ma'aikata da suka saba rufa wa juna asiri a ƙarƙashin ƙasa, sai fashin aiki ya ƙaru, kwal ɗin kuma bai ƙaru yadda aka zata ba.

Daga baya wata mai bincike, Enid Mumford, ta shigo da ka'idar harkar kwamfuta, ta ce a zauna da ma'aikata tun kafin a gina tsarin.

Duba Landan a 1992, aka kawo kwamfutar tura motocin asibiti, ma'aikata ba su samu isasshen horo ba, kira ya taru jingim, cikin 'yan kwanaki aka koma takarda da biro. Ni da wannan zan fara a jarrabawa.