Tambaya da Amsa: Jirgin da Ƙanƙara ta Riƙe

Tambaya: Malam, da gaske ne an taɓa barin jirgin ruwa ya maƙale cikin ƙanƙara da gangan? Yaya na ciki suka rayu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, 'yata. Polarstern ne, jirgin binciken Jamus. Ya bar Tromso ta ƙasar Norwe a Satumbar 2019, aka ɗaure shi jikin ƙanƙarar tekun Aktik da ke can ƙuryar arewacin duniya, ƙanƙarar tana tafiya da shi. Rana ta ɓace kusan wata biyar, agogo kaɗai ke cewa gari ya waye. Masana kan sauka da fitila a goshi, su huda ƙanƙarar su auna kaurinta, mai gadi riƙe da bindiga saboda farin beyar, wata babbar dabbar yankin mai kai wa mutum hari. Sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili. Ni da hunturun Kano ke hana wankan asuba, ina ni ina can!