Hukuncin sauke waƙa kyauta a intanet da tura wa mutane a memori

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni a Makka aka haife ni, ina zaune wajen Shara Mansur, ina da laftof ina tura wa mutane abubuwa a waya da memori musamman lokacin Umara da Hajji, akwai karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin yabon Annabi da kuma na finafinan Kano, wani ya bani riyal 5 wani 10. Duk a intanet nake saukewa kyauta ban taɓa biyan mai waƙa ko sisi ba. Wani abokina yace min haram nake ci, ni kuma nace ai ba sata nayi ba tunda waƙar tana nan a hannun mai ita bata ragu ba. Dan Allah Malam a warware min.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abu biyu ne a tambayar nan taka, akwai hukuncin abinda kake zubawa a memorin, akwai kuma haƙƙin wanda ya yi aikin, kuma na biyun ne mutanenmu basa ɗauka a bakin komai.

Na farkon a gurguje. Waƙar da aka haɗa da kayan kiɗa mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, suna kafa hujja da hadisin Bukhari da Annabi (SAW) ya ce za'a samu wasu cikin al'ummarsa da zasu halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibn Hazm ya saɓa musu yace hadisin bai inganta ba, malaman hadisi kuma suka yi masa raddi. An yi rangwame akan mandiri a biki da ranar Idi saboda hadisin Nana A'isha na ƴan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta. Amma waƙar batsa da siffanta jikin mace da zagin mutane, wannan ko wanda ya halatta kiɗa bai halatta ta ba, toh kuɗin da ka karɓa akan tura irinta ba halal bane.

Sai maganarka cewa waƙar bata ragu ba. Gaskiya ne bata ragu ba, amfaninta ne ka ɗauke. Bawan Allah ya zauna ya tsara baiti, ya biya kuɗin situdiyo, ya biya masu amshi da mai haɗa sauti, wani ma bashi ya ciwo, duk da fatan idan ta fito zai maida kuɗinsa ya ciyar da iyali, sai kai da baka zuba komai ba ka zama kai ne mai karɓar riyal ɗin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi wadda hedikwatarta ke nan Jidda ta zauna akan wannan mas'ala a taronta na 5 a Kuwait cikin Disamba 1988, ta fitar da matsaya mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙi ne na masu shi, yana da ƙimar dukiya, shari'a tana kare shi kuma bai halatta a keta shi ba. Asalin hujjar kuwa faɗin Annabi (SAW) ne cewa dukiyar Musulmi bata halatta sai da daɗin ransa. Wasu malamai sun sassauta wa mai kwafa don amfanin kansa kawai idan mai abun bai hana ba, amma kai sayarwa kake yi, wannan sassaucin bai shafe ka ba. Ga kuma dokar ƙasar da kake zaune, Saudiyya tana da dokar kare haƙƙin mawallafa da hukuma mai kula da ita.

Inaso ka ga inda abun yake kaiwa, domin ɓarnar bata tsaya a aljihun mutum ɗaya ba. Da manhajar Napster ta fito a Amurka a 1999 mutane suka fara musayar waƙoƙin MP3 kyauta ta intanet, kotu ta sa aka rufe ta a 2001 amma an riga an saba, cinikin faifai a duniya yayi ta faɗuwa har wajen 2014. Su can sun nemo mafita, Apple ta buɗe shagon iTunes a 2003 ana sayen waƙa ɗaya ta intanet akan senti 99, wato kusan dala ɗaya, manhajar sauraron waƙa ta Spotify ta zo a 2008 da tsarin biya duk wata, a ƙasashen Larabawa ga irinta mai suna Anghami. Mu kuwa fa? Kasuwar kaset da CD ta Ƙofar Wambai a Kano wadda da ita ce ke saye daga mawaƙi ta raba har Nijar da Sudan da nan Makka ta durƙushe, masu turawa a memori suka maye gurbinta, kuma mafi yawansu ba ruwansu da mai waƙa.

Toh mawaƙin da mai sauraro ya daina biya dole ya nemi wanda zai biya shi, kuma su waye? Ɗan siyasa ne da mai biki da mai kuɗin da yake son a ambaci sunansa. Wallahi wannan shi yafi ƙona min rai, ka ji sha'irin da Allah ya ba baiwa, ya fara yabon Manzon Allah da kyau, kafin ya kai tsakiya ya koma jero sunayen alhazai da hajiyoyi, domin ta nan kaɗai abincinsa yake fitowa. Muna zaginsu muna cewa sun lalace sun zama maroƙa, alhali da hannunmu a ciki.

Kunnen mai sauraro shima ya canza. Da mutum zai sayi kaset ya zauna ya ji gefe ɗaya ya juya ɗayan, har ya haddace doguwar ƙasida ta wa'azi ko ta bege da ma'anarta. Yanzu waƙa dubu ce a waya ba'a biya ko ɗaya ba, abinda kuma aka samu a banza ba'a zama a saurare shi, ana ji kaɗan a tsallake. A Spotify ma sai an ji daƙiƙa 30 ake ƙirga wa mawaƙi, shi yasa ake gajarta waƙa a jefo amshi tun farko, TikTok kuma ta ƙara yanka ta gunduwa gunduwa don rawa. Sannan manhajar ce take zaɓo maka na gaba gwargwadon abinda ya riƙe ka jiya. Ina tausaya wa yaranmu na nan Makka da Jidda waɗanda Hausarsu ta fara rauni, da yawansu a waƙa suke jin Hausa fiye da a gida, kaga kenan kai mai cika musu memori kana cikin masu zaɓa musu irin Hausar da zasu tashi da ita, wannan amana ce.

Dan haka ga abinda zaka yi. Karatun Alƙur'ani da wa'azi da darussan da masu su suka sake don Allah, tura su ya halatta kuma ladan aikinka da kuɗin data da na memori halal ne, sai dai wanda aka rubuta an hana kwafa. Yabo da waƙoƙin faɗakarwa masu tsafta ka nemi izinin masu su, ai yanzu kusan kowannensu yana da shafi ko lambar WhatsApp, ku daidaita ko da kaso kaɗan ne akan kowane memori, idan ya yafe maka shikenan. Wanda baka same shi ba ka nuna wa mai saye tasharsa ta YouTube ya ji a can, ko ba komai wani abu zai shiga hannunsa. Na batsa kuma ka goge su daga laftof ɗin gaba ɗaya.

Kuɗin baya tunda a rashin sani kayi, ka tuba ka ƙiyasta iya ƙoƙarinka. Wanda ka san mai haƙƙin kuma zaka iya kai masa ka kai ko ka nemi yafiya, wanda baka sani ba kayi sadaka da niyyar ladan ya je masa, kuma ba sai ka fitar a lokaci ɗaya ba idan zai takura maka. Wallahu a'alam.