Tambayoyin Lambu: Damina Tana Bankwana

Gero ya shigo gida, raɓa ta fara sauka da asuba. Wasiƙun wannan mako na masu lambu ne da ba sa son zuba wa abin da za su ci maganin kanti.

Wata uwargida daga Ringim ta ce: "Ina son yin tumatir da albasa a bayan gida, amma ina tsoron na makara. Bara duk abin da na yafa ya mutu tun yana ƙarami."

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ki makara ba. Tumatir sanyin hunturu yake so, shi ya sa manoman Kadawa da Kura suke yafa iri daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ki tada wurin renon ya ɗan yi tudu, don ruwan bankwana yana iya saukowa ya kwanta a kai, ki yi masa 'yar rumfa da ciyawa. Tumatir kan isa dashe a sati 3 zuwa 4, albasa sai ta kai kamar sati 6. Na bara kuwa, ina zargin abu biyu: ɗanyen kashin kaji, wanda yake ƙona saiwa, ko ban ruwa da yawa har gindin tsiron ya ruɓe ya kife. Ki nemi takin da ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Allah ya sa albarka.

Wani daga Gwaram yana tambaya ko ya cinna wa kara da ciyawar lambunsa wuta don wurin ya yi tsaf.

Malam, lambu ne ko ɗakin amarya? Ka haƙa rami, ka jera ciyawa da ganye, kashin awaki, ɗan toka, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ka samu taki kyauta. Abin da za ka ƙone kawai shi ne tsohon tumatir mai tsutsa, da ƙudujin da ya riga ya yi fure.

Wani matashi daga Bunkure ya ce ran kasuwa ya ga mai lasifika yana tallar wani ruwa a gora, wai na gargajiya ne zalla, taki ne kuma maganin ƙwari ne, har da ƙullin irin tumatir wai ɗan ƙasar waje. Ya saya?

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. Gorar da ba sunan kamfani, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, me ka sani a cikinta? Mai yiwuwa ruwan taki ne aka rina, ko kuma gubar da kake gudu ce aka sirka da ruwa aka sake mata suna. Na taɓa karɓar irin wannan gora a hannun wani maƙwabcina na shinshina, warin fiya-fiya ya bugi hancina, shi kuwa ya riga ya fesa wa alayyafon da yaransa za su ci. Abin da yake ba ni haushi, mutum zai yi rabin sa'a yana cinikin mudun masara, amma da ya ji lasifika sai ya zaro kuɗi ko tayi babu. Mai lasifikar kuma kasuwa mai zuwa yana wani gari.

Irin ma haka. Iri nagari a rufe yake zuwa, a leda ko gwangwani, da shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC. Wanda aka matse daga tumatir ɗan aure, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, aka shanya ba ya maimaita uwarsa, za ka sha wahalar ban ruwa wata uku ka tsinci tarkace. Kowane iri ka saya, ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. In bayan sati guda waɗanda suka tsiro ba su kai 15 ba, kada ka ɓata fangalinka.

Maganin ƙwari kuwa yana zube a gindin darbejiya. Ka tsinci 'ya'yan, ka shanya, ka daka, ka jiƙa su kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma duk sati. Amma kada ka ɗauka ya fi ƙarfin komai. Tsutsar sharon da ta cinye tumatirin Kano da Jigawa a 2016 cikin ganye take shiga, darbejiya rage ta kawai take yi. Sai ka haɗa da duba ganye kullum kana tsinke wanda ya yi farin zane.

Wata daga Kazaure tana son ajiye wake ba tare da magani ba.

Kin yi tunani, 'yar uwa. Saboda gubar da ake zuba wa wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ki shanya shi har ya riƙa ƙaras a haƙori, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Kafin ki biya, ki hura ledar ki ji ko tana yoyo, don akwai jabu. In waken bai wuce 'yan tiya ba, busasshiyar jarka mai murfin kirki ta isa, muddin kin cika ta har wuya kuma ba kya buɗewa kullum.