Rufin Ƙyalle da Ranar Saudiyya: Amsoshin Tambayoyinku kan Motar Kashaf, Wato Mai Rufin da Ake Buɗewa

Salamu alaikum Malam. Ni direba ne a wani gida a Jidda. Ɗan maigidana ya sayo BMW mai rufin ƙyalle baƙi, ni aka ɗora wa wankinta. Ko shekara ba ta yi ba rufin ya koma toka-toka. Na sa omo da buroshin taya, abin sai ƙara muni yake. Koɗewa ya yi? Me zan ce a sayo?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a sayo komai, ajiye omon nan da buroshin tayar, kada su sake kusantar motar.

Da wuya a ce koɗewa ce. Rufin irin waɗannan motoci hawa uku ne: saƙar akirilik a waje, roba a tsakiya, wani ƙyallen daga ciki. Kamfanin Haartz na Amurka ne ke saƙa wa yawancin masu ƙera motoci wannan yadi, kuma tun zaren yana ruwa-ruwa ake zuba masa launi, shi ya sa rana ba ta saurin cin baƙinsa. Abin da kake gani ƙurar Jidda ce ta shige cikin saƙar, damshin Bahar Maliya ya liƙe ta, sauran omon da bai ɗauraye ba ya zo ya zauna a kai. Yanko salatif ka manna a rufin, ka danna da yatsa, ka ɗaga ka duba. Za ka ga garin ƙura ya biyo shi.

Omo da sabulun wanke-wanke suna cire maganin korar ruwa da aka sa wa ƙyallen tun daga kamfani. Kuloreks ya fi su ɓarna, don zaren ɗinkin yake ci, kuma a ƙasar nan ɗinki ne ke fara mutuwa kafin yadi.

Ga yadda za ka yi. Bayan sallar asuba, motar na inuwa, rufin bai ɗau zafi ba. Fara da injin zuƙar ƙura, tun rufin yana bushe. Wannan kaɗai zai ba ka mamaki. Sai ka jiƙa shi da tiyo, ruwa mai gudu a hankali. Fesa sabulun da aka yi don rufin mota, ka bi shi da buroshi mai laushi, na gashin doki in an samu, ba tare da ka danne ba. Sannan ɗauraya, kuma a nan mutane ke gajiya: sai ruwan ya daina kumfa gaba ɗaya. In ruwan gidanku na wayit ne, wato na tankar ruwa, yi ɗaurayar ƙarshe da jarka ɗaya ta ruwan tahliya, wato tataccen ruwa, in ba haka ba, zai bushe ya bar maka farin zane. Kada ka goge da tsohon tawul, gashinsa zai maƙale a saƙar. A bar rufin a rufe ya bushe ƙarau.

Abin saye uku ne: buroshin, sabulun, da maganin kariya na fesawa. RaggTopp, 303 da Renovo duk sanannu ne. Ka dai karanta jikin kwalbar, don kowannensu yana da na ƙyalle daban, na roba daban. Wajen fesa kariyar, rufe gilashi da fenti da jarida, ka fesa siriri sau biyu ko uku, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Sanin lokacin sakewa ba ya buƙatar kalanda: zuba ruwa kofi ɗaya a kai. In ya dunƙule ya gangara, da sauran magani. In ya nutse ya bar tabo mai duhu, lokaci ya yi.

Kuma ka nuna wa yaron gwajin salatif ɗin da idonsa, kada gobe a ce kai ka lalata masa mota.

Yaya, ni haifaffen Makka ne, a Shari' Mansur muke. Na ga Mustang kashaf ta 2016 a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kuɗinta bai fi na mai rufin ƙarfe ba sosai. Abokaina na zuga ni. In saya?

Ƙanena, tambayar da zan fara yi maka ba ta shafi injin ba: ina za ta kwana, kuma ina za ta wuni? In amsarka bakin titi ce, ni dai ban ba ka shawara ba. Zafin Makka yakan haura digiri 45 da bazara. Rana za ta dafa ɗinkin da robobin bakin tagogi, tantabarun garinku su yi nasu aikin daga sama, maguna kuma ba su da shimfiɗar da ta fi wannan daɗi da dare, har da wasa farce. Kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana kan ƙyalle, fitar da shi sai an sha wuya.

Sannan ka yi wa kanka lissafin gaskiya. Daga Nuwamba zuwa Maris, hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if da rufi a buɗe, ko Kornish, titin bakin tekun Jidda, bayan isha'i, wallahi akwai daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Sauran watannin kuwa rufin a rufe zai zauna, kana biyan wahalarsa ba ka cin moriyarsa.

In kana da gareji ko mazalla, wato rumfar mota, kuma zuciyarka ta kafe, to je ka duba ta da rana tsaka. Sa mai ita ya buɗe rufin ya rufe, ya sake, kana tsaye kana saurare. Ya kamata ya tafi sumul; in ya tsaya a hanya, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya, akwai magana. Bi layin ɗinki da farce, in zare yana marmashewa ya gama yayi. Duba inda ƙyallen ke lanƙwashewa, nan yake fara sheƙi kafin ya huje. Duba kewayen gilashin baya, inda gam ke riƙe shi da ƙyallen, don zafi na sa ya saki. Sai ka roƙi a kwara mata ruwa na ɗan lokaci kana zaune a ciki, ka fito ka sa hannu ƙarƙashin kafet da cikin but. Ruwan sama ba shi da yawa a nan, amma duk wanda ya ga ambaliyar da aka yi a Jidda a Nuwamban 2009 ya san in ya zo ba ya sallama. Akwai ƙananan magudanai a inda rufin ke kwanciya, ƙura kan toshe su, ruwa ya koma cikin mota. Hancinka zai gaya maka.

Takardar fahas, wato ta gwajin lafiyar mota, ba shaida ba ce a kan rufi. Ciro rahoton manhajar Mojaz ka ga tarihin motar, musamman in shigo da ita aka yi daga Amurka. Kuma kafin ka zauna ciniki, leƙa wajen masu tanjid, wato masu ɗinkin kujeru da rufin mota, a Sana'iyya, unguwar makanikai, ka ji kuɗin sabon rufi da ɗaurawa. Da wannan adadin a kanka za ka yi tayi.

Malam, ina Riyad, ina da Jeep Wrangler mai rufin ƙyalle. Tagogin roban sun yi hazo, da ƙyar nake ganin baya. Kuma ina so in sayi mayafin mota saboda ƙura.

Hajiya, ina kyautata zaton ana goge miki su a bushe, da tishu ko tsumma, kowace safiya. Ƙurar Najad yashi ne mai laushi, goge shi a kan roba daidai yake da bin ta da samfefa. Ruwa ake fara zubawa ya tafi da ƙurar, sannan ƙyalle mai taushi, a ja shi gefe ɗaya. Maganin goge gilashi na gida, mai amoniya, shi ma a raba shi da su.

In hazon na ƙananan ƙarce ne, man goge roba irin Novus zai dawo da su sosai. In kuwa sun yi rawaya har ciki, ko sun fara tsagewa, kada ki ɓata kuɗinki. Sa'arki ita ce tagogin Wrangler ana cire su, na tsohon samfuri da zif, na sabon da ya fito a 2018 kuma zarewa ake yi, don haka su kaɗai za ki canja.

Mayafi kuwa, da sharaɗi. Ya zama mai numfashi, mai laushin ciki, daidai jikin motar, kuma a kan wankakkiyar mota kawai. In aka lulluɓe ta da ƙurarta iska ta taso, mayafin ne zai yi ta gurzar tagogin har gari ya waye. In akwai fili a ƙofar gida, ni mazalla zan kafa da kuɗin.

Malam, zan iya shigar da motar kashaf magsalar inji, wato wurin wankin mota na inji? Kuma wani mai wanki ya ce zai shafa mata man ƙyallin taya ta yi baƙi wuluk.

Mai buroshi mai juyawa, a'a. Injin feshi mai ƙarfi, a ja da baya sosai, kuma kada a saita bakinsa kan ɗinki ko robar taga. Man taya zai yi baƙi ranar farko, ya kwashe ƙurar unguwa a rana ta biyu, kuma bayansa maganin kariya ba zai kama ba sai an wanke shi tas. In rufin ya koɗe da gaske, Renovo na da rini na musamman, ana shafa shi da buroshin fenti bayan an wanke an bushe. Ka fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kuma kada a naɗe rufin sai ya kwana ya bushe.