Ajiye littafin karin maganar nan, ƙanena

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a birnin Leeds na Ingila, kana tambaya ko ka zauna ka haddace littafin karin maganar Turanci kafin ka taso. Barka da arziki tukuna, Allah ya sa albarka.

Haddar nan ba za ta tsinana maka komai ba. Irin su "raining cats and dogs" da muka sha a sakandare, da wuya ka ji ɗan Ingila ya furta, ga shi kuwa ruwan sama ba ya yi musu wuya. In IELTS ce a gabanka, wato jarrabawar gwada iya Turanci, gaskiya ne a sashen magana, mai minti 11 zuwa 14, ana lura da yadda kake sarrafa irin waɗannan kalamai, musamman daga maki 7 zuwa sama. Amma wanda ya cusa su da ƙarfi, nan take mai jarrabawa yake gane shi. A rubutun jami'a kuwa, ka rabu da su. Salon buɗe insha'i da karin magana da muka saba lokacin WAEC, malaman nan ba ya burge su, hujja suke nema.

Inda za ka sha wuya shi ne kewaye-kewayen Bature. Malamin da ke duba aikinka zai rubuta maka "you might want to look at this again". Kai sai ka ɗauka zaɓi ya ba ka. Ina! Cewa ya yi ka gyara, kuma zai waiwayo ya duba. In ya ce "interesting" ya ja bakinsa, to da sauran magana. "Not bad" kuwa yabo ne, ka gode Allah. Wanda ya ce "you must come round for dinner sometime" bai sa rana ba, bismillar da ake yi wa mai wucewa ce. Kai da ka tashi cikin masu kara da habaici, kunnenka zai kama da wuri.

Mutanen Yorkshire, yankin da Leeds take, kuma da nasu. "You alright?" gaisuwa ce, kada ka tsaya ba su labarin murar da kake fama da ita. Mai kanti ko direban bas zai kira ka "love", ba da wata manufa ba. "Tea" a bakinsu sau da yawa abincin dare ne.

Kafin bizarka ta fito, nemi hirarrakin mutanen Leeds a YouTube ka riƙa saurara kullum, saboda saurin bakinsu. In ka iso, abin da ba ka gane ba ka tambaya kai tsaye, ba sa ɗaukar hakan abin kunya. Ka gaida su Baba.